Kyandir Ɗin Nea Ilarie

"Cire kwat ɗin nan, Nea Ilarie. Na rantse da kabarin uwata ba za ka shiga da ita ba."

Muna tsaye ne a wurin ajiye motoci na Konak, tsohon gidan masu ƙasar nan da ke bayan garinmu, wanda aka shafa wa fenti aka mai da shi wurin biki da shan iska. Hagu da dama motoci ne masu lambar babban birni, Bukares, sai ƙyalli suke yi. Ga kuma maƙwabcina Nea Ilarie, tsoho mai tamanin da ɗoriya, cikin wata kwat ta fatar tunkiya da ta girmi 'yata ta fari, duk faci, tana warin hayaƙi da kare. Karen nasa kuwa, Bondar, sai jan igiya yake zai je ya yi wa tayar wata farar mota fitsari.

"Ortansa, me kwat ɗina ta tsare miki?"

"Ni ba ta tsare mini komai ba. Mutane ne za su ɗauka bara na kawo ka."

"To su ba ni mana. Wa ya ƙi?"

Ni dai haka Allah ya yi ni, idon mutane ya fi mini ciwon haƙori zafi. Na buɗe bayan mota na ciro jaket ɗin marigayi mijina, na tsaya a kansa har ya canza. Ya miƙa hannu zai laluba aljihun ciki na kwat ɗin, na fizge ta. Duk layinmu an san abin da ke aljihun nan. Tun da ciwon zuciya ya kwantar da shi bara, matarsa Tanti Safta ta sa masa kyandir ɗin coci da ashana a ciki, don kada ajali ya riske shi a hanya ya tafi babu haske a hannu. A wurinmu gara a ce mutum ya mutu bai bar ko tsinke ba, da a ce ya mutu babu kyandir, ya je can yana lalube cikin duhu.

"Bari in ɗauki abina," in ji shi.

Daidai nan wata mai dogon takalmi ta juyo tana kallonmu. Na jefa kwat ɗin a bayan mota, na maka murfin na kulle.

"Haba, Nea Ilarie! Yau ranar yawo ce, ba ranar mutuwa ba. Mu je."

Ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya bi karensa.

Likita ne ya ce ya riƙa takawa, Tanti Safta kuma gwiwoyinta sun ƙi, shi ya sa na ce zan kai shi ranar Lahadi. Shi ya zaɓi Konak. A nan uwarsa ta yi wankau tun kafin a ƙwace gidan daga masu shi, a mai da shi ma'ajiyar taraktoci. Kaka ce, ganye ya yi ja ya zube, Bondar yana ta cusa hanci ciki yana atishawa. Da muka kai babbar hanyar da ta miƙe zuwa ƙofar gidan, tsakanin manyan itatuwa, tsohon ya tsaya yana murmushi.

"Ina yaro, in na taka hanyar nan, mai gadi kunnena yake murɗewa. Ta baya muke bi, ta wajen aladu. Yau dai zan taka ta, in ga abin da ke cikinta."

Amma a bakin ƙofar gidan ana bikin baftismar wani jariri. Mata cikin siliki, maza da kofuna a hannu, mai hoto yana ta kai da kawo. Na dubi takalman Nea Ilarie, na dubi Bondar da ɗingishinsa da kunnensa guda da ya yage.

"Mu bi ta wajen tafki, ya fi inuwa," na ce.

"Inuwa? A wannan sanyin?"

"Kare zai firgita musu yara."

Bai yi musu ba. Muka bi ta baya, muka zagaya can ƙarshen fili inda babu kowa sai agwagi. A hanya yana ta tsokanata, wai jaket ɗin ya mai da shi kamar mai neman aure, kada Safta ta ji labari. Muka zauna a wani benci, na ciro tuwon masara da cukun da matarsa ta ƙunsa mana. Ya gutsura ya ba Bondar, ya gutsura zai kai baki, sai na ga hannun ya tsaya a hanya.

"Nea Ilarie?"

Ya zame daga bencin a hankali, kamar buhun da aka jingina bai tsaya ba. Fuskarsa ta yi fari fat, gumi ya keto masa. Na kira motar asibiti, suka ce ga su nan tafe. Ina ajiye wayar na ga hannunsa cikin jaket ɗin mijina, yana laluben aljihun da babu komai ciki sai tsohon tikitin bas.

"Ortansa," ya ce da ƙyar. "Hasken."

Wayyo ni! Motata tana can bayan ƙofar shiga, gidan ya fi ta kusa ƙwarai. Na ce masa, "Riƙe ranka, Nea Ilarie, yanzu zan dawo." Ya kama gefen siket ɗina. Ban san ko cewa yake in yi sauri ba, ko kada in tafi. Na ɓamɓare yatsunsa na ruga.

Rabona da gudu tun ina budurwa. Na iso ƙofar zauren ina haki, taɓo har idon sawu. Da wata ce, da ta faɗa ciki ta kurma ihu. Ni kuwa me na yi? Uban baftisma yana tsaye yana jawabi, kowa ya yi tsit, sai na tsaya a bakin ƙofa na goge takalmina a tabarma. Na jira ya kai aya. Na lallaɓa ta jikin bango kamar ɓarauniya, na kai hannu kan kyandir ɗin da ke teburin farko, ashe na batir ne, roba ce da ɗan ƙwan fitila a ka. Duk teburan haka suke, wai an hana wuta a gidan don katakon ya tsufa.

Na ainihi guda ɗaya ne a zauren, babban kyandir ɗin baftisma mai ado da furanni, jingine kusa da uwar baftisma, matar da ta tsaya wa jaririn. Na sunkuya na raɗa mata a kunne.

"Don Allah, baiwar Allah, ki ara mini. Wani tsoho ne yake mutuwa a bakin tafki."

Ta rungume shi a ƙirji, ta yi alamar gicciye.

"Kyandir ɗin jariri za ki kai wa mai mutuwa? Kanki ɗaya kuwa? Tir! Matsa daga kan yaron nan!"

Idanu suka yo kaina caa. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige, har haƙuri na ba ta. Wata mai kicin, babbar mace da gari a hannu, ita ta ja ni gefe, ta zaro wani ɗan siririn kyandir shuɗi, irin wanda ake soka wa kek, ta haɗa mini da laita.

"Yi gudu, 'yar'uwa. Wuta wuta ce."

Tun daga nesa na ga Bondar ya daina kai da kawo. Yana kwance, ya ɗora haɓa a kan ƙirjin mai gidansa, igiyar tana yashe cikin ganye. Idanun Nea Ilarie a buɗe suke, suna kallon saman itatuwa. Na kira sunansa, na girgiza shi, na kara kunne a bakinsa. Babu. Ya tafi babu haske, babu kuma ɗan Adam ko ɗaya a kusa da shi.

Na rufe masa ido. Sannan na waiga hagu da dama, na soka ɗan kyandir ɗin tsakanin yatsunsa, na matse su da hannuna, na kunna. Kakin ya riƙa narkewa yana ɗiga masa a fata. A haka ma'aikatan asibiti suka same mu. Babbansu ya duba shi, ya cire hula.

"Allah ya gafarta masa. Ya yi sa'ar maƙwabciya, ya samu haskensa."

Na sunkuya na ɗauki igiyar Bondar.

Kafin in isa gida da Bondar labari ya riga ni. Matan layi sun cika kicin ɗin Tanti Safta, an rufe madubi da baƙin ƙyalle, ita kuma tana zaune a kujerarta ta gefen murhu, hannuwa a cinya. Ba ta tambaye ni ko ya sha wuya ba, ba ta tambayi abin da ya faɗa ba.

"Ortansa, da haske?"

Mata duka suka zuba mini ido.

"Da haske, Tanti."

Ta ja hannuna ta sumbace shi. Tsohuwa mai jika ta sumbaci hannuna, a gaban kowa! Mata suka hau sa mini albarka. Wata ta ce to an huta, da babu haske ya tafi, da sai an yi kwana arba'in ana kunna masa a coci ana rabar da kyandir sadaka, kafin ya ga hanya. Tanti Safta ta ce ta gode Allah da ya ɗauke mata wannan, don da gwiwoyin nan ba ta san yadda za ta yi ba. Ashe ban tsaya a hana shi na farko ba, ƙaryata za ta hana shi na biyun ma. Na buɗe baki, na ga idanun mata, na rufe. Na je na hau wanke kofuna da ba su yi datti ba.

Washegari da hantsi aka kawo shi daga asibiti. Maza suka yi masa wanka, aka sa masa kayan zuwa coci, aka kwantar da shi a akwati a babban ɗaki. Na dafa alkamar sadaka da zuma da gyaɗar turawa na kawo, niyyata in ajiye in sulale. Sai na ji muryarta daga ciki.

"Ortansa, shigo. Turo ƙofar."

Ita kaɗai ce a ɗakin. Ta jawo kujera jikin akwatin, ta riƙe hannunsa na dama tana gyara masa farce da ɗan almakashi. Bondar yana ƙarƙashin tebur.

"Kyandir ɗin shuɗi ne," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Na kek ne, Tanti. Shi na samu."

"Ba laifi. Wuta wuta ce." Ta kankare wani abu daga tsakanin yatsunsa da farcenta. "Kin san mutumin nan fatar jariri gare shi. Ranar aurenmu kaki ya ɗiga masa a coci, mako guda yana nuna wa mutane tabon, kamar wanda ya dawo daga yaƙi. Sauro ma in ya cije shi sai wurin ya tashi."

Ta juyo da hannun wajen taga, ta nuna mini. Fatar fes take, ko ɗigon ja babu.

Ta gane sai bayan rai ya fita kakin ya ɗiga masa. Na durƙusa a gabanta. Kuka ya ƙwace mini, ina cewa, "Tanti, ni ce, ni na..."

"Rufe bakinki, mata suna kicin." Ba da faɗa ta faɗa ba. "Abin da kika gaya musu, ki bar musu. Ba sai an yi da ke a layi ba. Amma shi ba za mu bar shi yana lalube ba. Motarki tana da mai?"

Na gyaɗa kai.

"Daga jibi, kullum da safe, kafin su tashi, za mu je mu kunna masa har kwana arba'in. Ke za ki riƙe ni a matakalar coci."

Ta kamo hannuna ta buɗe tafin, ta ajiye ɗan ɓawon kakin nan shuɗi a ciki, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Ta naɗe yatsuna a kansa. Sannan ta koma ga ɗan yatsansa na ƙarshe, ta ci gaba da yanke masa farce.