Kwalin Vondrak a Bango

Kveta na share kwanson harsashi a layin harbi na uku sai ta tsaya cak, tsintsiya a hannu. Kwansunan nan sirara ne, kamar guntun fensirin da aka fiƙe har ya ƙare. Ta ɗauki ɗaya ta juya shi, ranta ya ɓaci.

Shekara goma sha takwas tana duba gwajin harbi a ƙungiyar maharba ta garinsu, can gefen birnin Olomouc. Ita ke sa hannu a takardar da masu gadi ke nunawa kafin a bar su su tsaya cikin jama'a da bindiga. Yau Vondrak ne ya zo gwaji, mai kamfanin gadin da ke tsare ƙofar asibiti. Bara duk harbin da zai yi sai ya runtse ido, har yanzu ramin da ya yi a silin yana nan. Yau kuwa, yana ɗaukar bindiga sai Bohumil, shugaban ƙungiya, ya ce ana nemanta a waya, shi zai tsaya mata. Ta je ofis ta tarar babu kowa a kan wayar. Kafin ta dawo wai Vondrak ya zuba harsashi goma cif a baƙin ɗigon da ke tsakiyar kwalin da ake harbi.

Duk wanda ke shiga wurin ya san kayan da ke zubar da irin wannan kwanso. A zare saman bindiga, a ɗora wani mai cin ƙaramin harsashi, shi ke nan ta daina dukan hannu. Don koyo aka yi su, ita kanta da su take fara horar da sababbi. Amma ƙato mai gemu ya zo da su gwaji a ɓoye, wannan abin ƙyama ne, kuma da bindiga mai babban harsashi zai tsaya gobe inda mata ke wucewa da jarirai.

Ta samu Bohumil a ɗakin shan giya, ta ajiye masa kwanson kusa da kofinsa. Bai ko kalla ba. Ya shiga tuna mata cewa Vondrak ne ya yi musu sabon rufi, ya ce rami ai rami ne.

"Haba Kveta, sa hannu kawai mu huta. Kin san akwai masu son kujerar nan taki."

"Baba Bohumil, da hannunka ka koya min riƙe bindiga. Ba ka ji kunya ba?"

Ya kurɓi giyarsa, ya ce shi ya tsufa da wannan.

Sai ga Vondrak ya shigo yana fifita da kwalin da ya harba, baki har kunne. Al'adar wurin ce, wanda ya zuba goma a baƙi a manna kwalinsa a bangon da ke saman teburin tsofaffi, da sunansa. Vondrak ya ce shi ma yau sai bango. Bohumil ya yi ta ƙifta masa ido, amma mutumin da bai san asirinsu ya tonu ba ina zai gane.

"Ranka ya daɗe, kawo in manna maka da kaina," in ji Kveta.

Ta zaɓi wuri daidai ido, tsakanin kwalaye biyu masu ramukan da ɗan yatsa ke shiga. Ta rubuta sunansa da manyan baƙaƙe. Takardar gwajin kuwa ta ninke ta cikin aljihu, babu sa hannu, ta san watakila ta ƙarshe ke nan da za ta riƙe a wurin.

Asabar ce, tsofaffin maharba sun fara shigowa da tsirensu a takarda. Lojza, wanda ya fi su baki, ya sa tabarau ya matsa jikin bango. Ya gwada ƙaramin yatsansa a rami ɗaya na sabon kwalin, ya ƙi shiga. Ya karanta sunan a hankali, sannan ya waiwayo.

"Vondrak, da bindiga ka yi wannan, ko matarka ce ta ara maka allura?"