Baƙuwa a Jalar Mijinta

Duk wanda ya hau jalar Bahramand a kogin Swat na ƙasar Pakistan, sai ya sauka yana rantsuwa bai taɓa ganin mutum mai barkwanci irinsa ba. Zarguna kan ji ana faɗa, ta ce to. Ita ce matarsa shekara ashirin da ɗoriya, amma wannan mutumin da ake yabo ba ta taɓa zama da shi ba. Wanda ke shigo mata da magariba daban ne: ya jingine tiyub ɗin da ya huje a bakin ƙofa, ya ce "faci", ya ci gurasa, ya kwanta.

Jalar ma ba wani abin a zo a gani ba ce. Tiyub ne na tayar babbar mota, a hura, a ɗaure da igiya, a shimfiɗa katako da darduma a kai. Amma da zarar zafi ya koro mutanen Lahore da Peshawar zuwa cikin duwatsu, layi suke yi, miji da mata da yara har da kaka, kogi ya tafi da su a hankali daga gindin gada zuwa wurin masu suyar kifi. Gidan Zarguna na kan tudu a tsakiyar hanyar. Daga saman ɗaki, inda take shanya rigunan ruwa, tana jin komai. Tana jin yadda yake kiran kowace mace Baji, wato Yaya, yana tsokanar mazansu, yana girgiza jalar da gangan a lanƙwasa har su kurma ihu su ɓuge da dariya, sannan ya ɗauki waƙa. Murya kam Allah ya ba shi. A gida ne dai ba ya ɓarnarta.

Babu facin da ke jikin tiyub ɗin nan da ba hannunta ne ya manna ba, amma ƙafarta ba ta taɓa taka katakon ba. Matan ƙauyen ba sa hawa. Liman bai hana ba, hukuma ba ta hana ba. Kawai dai ranar da aka ga matar mutum a kan ruwa a gaban maza, to ya gama shan shayi da kwanciyar hankali a bakin gada, gori har jikokinsa.

Ta haƙura da wannan, har shekarar da ƙanwarta Shaperai ta zo hutu daga Karachi. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma aure ya kai Shaperai birni, saboda haka ita yanzu baƙuwa ce. Ta hau jala da mijinta da 'ya'yanta tsakar rana, Bahramand da kansa ya tuƙa, ba wanda ya ce uffan. Zarguna aka bari da tukunyar shinkafa.

Shaperai ta dawo sharkaf, tana riƙe da ciki.

"Yaya, ashe haka mijinki yake? Wallahi haƙarƙarina ciwo yake don dariya. Ke kam kin more, kullum kina gida da wannan!"

"Na more," in ji Zarguna. "Miƙo farantin can."

Da su Shaperai suka koma, Zarguna ta sami Bahramand yana kitsa igiya a tsakar gida.

"Baban Wajid, so nake ka ɗora ni a jala."

Ya ɗago ya dube ta kamar ta ce ya sayo mata jirgin sama.

"Ke? Ki yi me a kai?"

"Abin da Shaperai ta yi."

"Shaperai baƙuwa ce."

"A ɗakin da aka haife ni aka haife ta."

"Ke kin san bakin Toti Gul kuwa? So kike in daina fita?"

Toti Gul shi ne mai jalar da ke ɗaure kusa da tasa, mutumin da in ya sami abin gori da safe, kafin azahar ya raba wa kowa.

"Ba jalar Toti Gul na ce zan hau ba, taka na ce. Ka yi min yadda kake yi musu, sau ɗaya tak."

Ya ci gaba da kitsa igiyarsa. Ita ma ba ta bari ba. Kullum ta ajiye masa shayi sai ta ajiye maganar a gefen kofin, har ya gaji ya ce, "Bari baƙi su watse."

Baƙi suka watse. Ruwa ya ja baya, duwatsun cikin kogi suka fito da kai, masara ta bushe a gonaki. Wata safiya, bayan ya dawo daga sallar asuba, ya ce ta tashi ta saka baƙar abaya da niƙabin da Shaperai ta bar mata, har da takalmin. Ta gane dalili sarai, so yake a ɗauke ta baƙuwa, ta haɗiye. Ya yi gaba, ta biyo shi nesa nesa, kamar waɗanda ba su san juna ba, zuwa can gaba da gada, ta saman kogi, inda ya ɓoye ƙaramar jala a cikin ciyawa.

"Zauna tsakiya. Kar ki taɓa ruwa. Kar in ji muryarki."

Suka kama hanya. Kogin da kyau, ba ta musa ba: sanyi na ratsa katako, hazo na tashi, ga gidanta can a kan tudu ɗan mitsitsi, ba ta taɓa ganinsa daga ƙasa ba. Amma jalar sai karo take da duwatsu, shi kuma yana dirowa cikin ruwa yana turawa yana tsaki, idonsa na kan gaɓa, ko sau ɗaya bai waiwayo ta ba. Baƙin ciki ya cika ta. In wannan ne, ai da ta shimfiɗa katako a tsakar gidanta ta zauna, sun huta su biyun.

Suna kusa da lanƙwasa aka kwaɗa masa kira.

"Lala! Kai da wa da sassafen nan, ga lokacin baƙi ya wuce?"

Toti Gul ne tsaye a kan dutse, da komar kamun kifi a kafaɗa; Lala yake kiran Bahramand, wato babban wa. Zarguna ta ga wuyan mijinta ya sandare. Sai kuma, kamar an kunna rediyo, ta ji muryar nan da take ji daga saman ɗaki.

"Baƙin Peshawar ne, Toti! Sun makara, amma Baji ta ce sai ta hau ko da kogi ya ƙafe!"

"Ina maigidan nata?"

"Yana jira wurin masu kifi! Tsoron ruwa yake!"

"Kai! Gemu a banza! A ce ya zo in ba shi aron zuciya!"

Bahramand ya tuntsire da dariya. Tunda kuwa Toti na kallo, dole a yi wa baƙuwa abin da ake yi wa baƙi. Ya juyo gare ta gaba ɗaya, fuska a sake.

"Baji, riƙe igiya da kyau! Nan ne inda na zubar da wani alƙali da rawaninsa! Kar ki damu, mata ba na zubarwa, sai in sun hana ni tukuici!"

Ya taka gefe, jalar ta karkata, ya taka ɗaya gefen, ruwa ya fantsamo mata a cinya. Ya ɗebo a tafin hannu ya watsa mata. Ya ɗauki waƙa, yana kallon cikin idonta ta tsagar niƙabi. Ta san ƙarya ce. Ta san don wa ake yi. Duk da haka dariya ta ƙwace mata, ta gaske, mai ƙarfi, har da hawaye, tana ƙanƙame da igiya kamar yarinya.

Dutsen lanƙwasa ya raba su da idon Toti Gul. Waƙar ta yanke a tsakiyar baiti.

Ya share goshi da hannun riga.

"Wannan wace irin dariya ce? Saura ƙiris ki tona mana asiri."

"Kwantar da hankalinka," ta ce. "Ba wanda ya san dariyata a garin nan."

"To kin dai hau. Magana ta ƙare, kar in sake ji."

Ya tsaya da jalar tun kafin wurin masu kifi, ya nuna mata gonar masara da haɓa, ya ce ta bi ta baya, shi sai an jima. Ta sauka da kanta, ruwa ya cika takalmin.

Da can takan gaya wa kanta gajiya ce, kogi ne ke shanye masa fara'a kafin ya iso gida. Yanzu ta gani da idonta: abin a bakinsa yake, ko sisi ba ya ci masa, ko da sassafe, ko a kan ruwan da bai kai gwiwa ba. Ita ce dai ba a ga dalilin yi wa ba. Wannan ya fi rashin hawan ciwo nesa ba kusa ba.

Tana cikin masara ta jiyo Toti Gul ya ƙaraso, yana tambayar ina matsoracin mijin yake. Muryar Bahramand ta sake tashi. Yana kwatanta masa mutumin: yadda ya laɓe bayan mota, yadda ya tura matarsa kan ruwa ita kaɗai don kar a gan shi. Labarin ya yi masa daɗi a baki, yana ta ƙara masa gishiri, su biyun suna ƙyaƙyatawa.

Zarguna ba ta tsaya jin ƙarshen ba. Ta san mijin.