Kunnen Makanike

Kwana da kwanaki makanike yana rawar sanyi a gida kafin matarsa ta sa maƙwabta suka ɗauke shi zuwa asibiti. Yana fama da kansar jini, maganin kansar kuma ya cinye masa garkuwar jiki. Wansa, mai shagon magani, shi ya hana a kai shi tun farko. Kafso yake ta ɗirka masa safe da yamma.

Likita ta duba sakamakon gwaji, ta ɗaure fuska.

"Ƙwayar cuta ta shiga jininsa, kuma ta saba da abin da kuka ba shi. Sai mai ƙarfi, ta jijiya. Zai iya taɓa ƙoda ko kunne. In ba a sa ba, ba na jin zai kai mako."

"A sa," in ji matar.

Da wan ya iso, ya tarar da matar a ƙofar ɗakin da aka keɓe ƙaninsa, ruwan magani na ɗiga a hannunsa.

"Ke! Da izinin wa?"

"Da izinina, Yaya."

"Ke a wa? Matsa in cire masa wannan guba."

"Wallahi ba za ka shiga ba. Ko takunkumi ba ka sa ba, ga tari kana yi."

"Ni za ki yi wa rashin kunya? Kin ƙosa ki gaji garejin ne?"

Maganar ta soke ta har ƙashi. Amma ta riƙe ƙofar gam.

"Kafsonka ne ya kawo mu nan. Ka faɗa wa Inna haka, in kana da ƙarfin hali."

Ya ɗaga hannu. Nas ta kwaɗa wa masu gadi kira, suka fitar da shi yana zage-zage.

Zazzaɓin bai sauka da wuri ba. Jijiyoyi suka kumbura, aka yi ta canza hannu. Babu dangin miji ko ɗaya da ya leƙo. A mako na biyu makanike ya nemi abinci da kansa. Amma kunnensa na hagu ya mutu.

Ranar da aka sallame su, wan yana zaune a tsakar gida, kusa da uwarsu.

"Inna, ga aikinta nan. Ta kurmantar miki da ɗa."

Uwar ta kau da kai, ba ta amsa gaisuwar matar ba.

"Me Yaya ya ce?" makanike ya tambaya.

"Ka tambaye shi," ta ce, ta wuce ɗaki da kayansu.