Turken Fitila a Bakin Get

Tun da muka tare a layin nan muke roƙon ƙaramar hukuma ta sa mana fitila. Maƙwabcinmu mai walda, shugaban 'yan layi, har takalminsa ya cinye wajen zarya a ofishin kansila. Ashe ranar da za su amsa, a kaina abin zai ƙare.

Layinmu matsattse ne, ga motoci kamar me. Don kada a toshe maka ƙofa, kowa sai ya yi wa wurinsa alama: wani ya ajiye tsohuwar taya, wani bulo. Maigidana kuwa, da yake ba ya yin abu irin na mutane, jan fenti ya samo ya zana ƙaton zobe a bakin get ɗinmu. Ban ga laifinsa ba a lokacin. Inna, mahaifiyata, ɓarin jikinta ya shanye, kullum da safe nake kai ta asibiti a gasa mata ƙafa. Nakan jawo mota har ƙofar ɗakinta, in zamar da ita kan kujerar motar, mu fita ba wanda ya gan ta.

Ran nan na dawo daga kasuwa, sai ga turken ƙarfe dogo a tsakiyar zoben, siminti har ya fara kamawa, ma'aikatan ƙaramar hukuma suna tattara kayansu. Motar kuma tana cikin gida.

"Malam, wane ne ya ce ku kafa shi a nan?" na tambayi babban ma'aikatan.

"Baiwar Allah, mu duk inda muka ga jan fenti nan muke haƙawa. Haka injiniya yake yi mana alama."

"Ba ku ga get ba ne?"

"Mun gani. Wallahi mu ma mun yi mamaki."

Sun yi mamaki! Ji na yi kamar in shaƙe shi.

Washegari na tafi sakatariya. Sashen fitilu suka ce su kafawa suka sani, cirewa aikin sashen hanyoyi ne. Sashen hanyoyi suka ce ba sa taɓa abin da ke da waya a jikinsa. Wata mata a ofishin ajiye motoci, tana cin gyaɗa tana kallona, ta ce ai motar da ke cikin gida ba ta da matsalar wurin ajiya. Na fito kaina yana sarawa.

A gida na tarar da mai walda yana jirana, har da cire hula.

"Maman yara, don girman Allah ki bar maganar nan. In kika matsa, tuge shi za su yi su kai wani layin. Kin san wahalar da muka sha."

"Ga injin yanka ƙarfe a shagonka, ka matsar mana da shi mana."

"Kayan hukuma? So kike a ɗaure ni?"

Tasi ba ta shiga layinmu, sai dai ta tsaya a bakin titi. Keken guragu kuma ba ya wuce ramukan nan da motocin da aka jera. Ni ba zan iya ɗaukar Inna ba. Da safe maigida ya tsuguna a gaban gadonta ya juya mata baya.

"Inna, ki hau, ba nisa."

Matar da ko ruwa ba ta taɓa sha a gaban surukinta ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska. Na lallashe ta, na yi faɗa, na yi kuka, tasin da muka kira tana ta danna mana hon daga bakin titi har ta gaji ta tafi.

Sai da maigida ya fita sannan ta buɗe fuskarta. Ta daɗe tana shafa ƙafar da hannunta mai lafiya.

"Ki gaya wa likita na gode," ta ce. "Ƙafar nan a bar ta haka."