Shaidar Raƙuma a Tsohon Sistem

Mijina Mamani, Allah ya jiƙansa, bai bar mini gona ba. Ordinater ɗaya, wato kwamfuta, ya bar mini a shagon buga takardu, bakin kasuwar dabbobi ta Dakoro. Shekara tara yana zana shaidar raƙuma a cikinta, wato alamar da kowane gida ke ɗora wa dabbarsa da wuta, da sunan mai ita. In raƙumi ya ɓace, ko aka yi gardama a kansa, wurinmu ake zuwa a buga takarda. Da wannan nake ciyar da 'ya'ya huɗu.

Sistem ɗin da ke cikinta tsoho ne. In na kunna, sai na ɗora shayi ya tafasa kafin ta farka. Amma ba ta taɓa ɓatar mini da komai ba.

Badaru, ƙanin mijina, ya koyo gyaran ordinater a Maradi, ya dawo da baki kamar rediyo. Ya ajiye tasa kusa da tawa, ya kunna su tare.

"Matar yaya, diba ki gani. Tawa ta buɗe, taki tana hamma. Wanga sabon sistem, suna kaɗai za ki rubuta, shi hiddo miki. Naki kau an daina yi mishi magani, ƙwayar cuta na shiga, shi ke nan."

Gaskiya sabon ya fi kyau, ya fi sauri. Sai dai komai ya sauya wuri, kamar an shiga ɗakina an gyara ba da sanina ba.

Na ce, "Zanen yayanka hwa?"

"Ko ɗigo ba ya ɓacewa. Ni da na sha nono guda da shi?"

Ya soka 'yar kile ɗinsa, irin wadda ake kwasar bayanai da ita, a jikin tawa, ya ce ta aikin ɗora sabon sistem ce. Bayan la'asar ya kira ni yana dafe kai. Wai sabon sistem bai san tsohon zane ba, ya share. Har da hawaye. Ni, sakarya, ni ce ma na ba shi haƙuri.

Sati uku ina zaune da ordinater mai gudu kamar barewa, ba abin da za ta nemo. Makiyaya su leƙo, in ce babu, su wuce.

Ranar kasuwa Elhaji Hamid na Korahane, tsohon abokin Mamani, ya shigo da takarda a hannu.

"Zara, ashe kin maida aikin wurin Badaru? Ga layi can bakin sabon shagonshi. Na ce bari in zo in yi miki barka."

Na karɓa. Shaidar gidan su Elhaji ce, an cire sunan shagonmu an sa na Badaru. Amma Mamani yana da wata ɗabi'a: a ƙasan kowane shafi yakan zana 'yar ƙaramar shaidar da aka ɗora wa taguwa, wato raƙumar sadakina. Tana nan. Badaru bai san ko ta mece ce ba, shi ya sa bai goge ta ba.

Ban yi kuka ba, zuciyata ce ta yi zafi. Da ɓarawo ne daga waje, da sauƙi.

Elhaji ya ce, "Lahiya dai?"

Na ce, "Elhaji, ara mini takardar ga. Yau surukata, uwar su Badaru, za ta gani, ita ta zaɓi taguwar da hannunta."