Ranar da Chibwe Ya Makara

A garinmu babu wanda bai san Chibwe ba. Ko yaron da bai gama koyon magana ba, in ka nuna masa ƙaton nan mai jar hular kwano da ƙirji kamar ƙofar kejin da ke saukar da mu rami, zai miƙa hannu. Duk ƙarshen wata kamfanin haƙar tagulla yana raba mana 'yar mujallarsa a bakin rami, kuma babu mai duba jawabin manaja da ke gaba. Kowa baya yake juyawa, inda zanen Chibwe yake. Shi ne mai tare dutse da kafaɗa, mai jin nishin mutum ta cikin ƙasa, mai zuƙe hayaƙin nakiya ya fesar. Wani Bature ne ya ƙago shi tun zamanin mulkinsu, shi da Ba Kangwa Lombe, don mu Ba muke sa wa babba a gaban sunansa. Baturen ya kawo dabara, Ba Kangwa ya kawo hannu. Da Baturen ya koma ƙasarsu sai ya bar masa yaron, don haka Ba Kangwa yake kiransa, ɗana.

Labarin kullum tafiyarsa ɗaya ce. Wani sakarai zai karya doka, ya cire hula saboda zafi, ko ya shiga inda aka fasa nakiya kafin ƙura ta kwanta. Dutse zai taho. Chibwe zai iso daidai kan gaɓa, ya fizge shi, ya ja masa kunne. Chibwe ba ya makara, kuma laifi ba ya taɓa haurowa sama inda ofisoshi suke. Abin da ya sa muke rububinsa shi ne Ba Kangwa ba ya ƙaga fuska, tamu yake ɗauka. Wanda ya ga wushiryarsa ko kunnuwansa a kan sakaran wata, ranar ya sha tsiya a gidan giya, ana dariya ana cika masa kofi. Gaskiya kuwa a faɗe ta, maza da yawa sun bar hularsu a kai don gudun alƙalamin tsohon nan, kuma hular ta cece su.

Da hannun Ba Kangwa ya fara rawa, 'yarsa Nsofwa ta karɓi zanen. Shi yake faɗin labari, ita take zanawa, shi kuma yake kai wa maɗaba'ar kamfani, domin ba sa karɓa daga hannun kowa sai nasa. Mijinta Katongo Chisanga shugaban ayari ne a ƙasa. Aikinsa shi ne ya riga kowa shiga, ya bi rufin yana ƙwanƙwasawa da dogon sandan ƙarfe yana sauraro. Lafiyayyen dutse yana amsawa tas. Wanda yake shirin faɗowa yana amsawa kamar ganga. Na yi aiki da uban Katongo kafin ciwon ƙirji ya fitar da ni daga rami, kuma na san irin tarbiyyar da yaron ya samu.

Cikin damina, wata safiya, jiniya ta yi kuka ba a lokacinta ba. Rufi ya rufto a kan ayarin Katongo. Mutum shida aka fito da su a lulluɓe, shi ne na ƙarshe.

Tun ba a binne su ba magana ta sauko daga ofis cewa Katongo bai ƙwanƙwasa rufi ba ranar. Babu wanda ya san mai faɗa, amma kowa ya ji. A makabarta, ana cikin waƙa, Bana Mubanga, wato uwar Mubanga, wadda mijinta yake cikin shidan, ta ratso mata ta tsaya a gaban Nsofwa.

"Ke kuma kukan me kike yi? Naki shi ya kashe mana namu."

Aka janye ta, amma magana ta riga ta fita. Daga ranar in Nsofwa ta zo famfo, mata su ɗauke bokitinsu. A coci bencin da ta zauna nata ne ita kaɗai.

Ina zaune da Ba Kangwa a gindin mangwaronsa muna dara lokacin da Sichone ya zo. Shi ne jami'in kiyaye haɗari, yaro mai farar hula wadda ba ta taɓa ƙujewa ba. Ya rusuna ya yi gaisuwa yadda ya kamata, sannan ya shiga abin da ya kawo shi.

"Ba Kangwa, manya suna so watan nan Chibwe ya yi darasi a kan ƙwanƙwasa rufi. Don gaba, kada a sake."

"Gawa ba ta huce ba, ɗana."

"Yanzu ne mutane za su ji. Ba mu ce a sa fuskar kowa ba, haba. Darasi ne kawai." Ya ɗaga kai ya dubi rufin gidan, wanda na kamfani ne kamar kowane gida a layin, ya ce, "Kwanon nan yana yoyo kuwa? In yana yi a faɗa mini."

Yana fita Nsofwa ta fito daga ɗaki da baƙin ɗankwalinta. Ta ji komai, ta tsaya a gaban ubanta.

"Tata, me za ka ce masa?"

"Za mu ba sakaran fuskar da ba ta kowa ba."

"A garin nan? Ko akuya muka zana riƙe da sandan ƙarfe, Katongo za a ce."

"Ki sassauta murya, akwai baƙo."

"Baƙon ya san shi tun yana rarrafe. Tata, a nan, a gindin bishiyar nan ya zauna ya faɗa maka katakon da aka tokare rufin da shi ya ruɓe. Ya ce ruwa ya cinye shi, ya ce ya kai ƙara sama har ya gaji. Ka ji ko ba ka ji ba?"

Ba Kangwa ya daɗe yana juya ɗan dara a tafinsa.

"Na ji. Ban gani ba."

"Yaushe za ka gani? Ka taɓa sauka rami?"

Na sunkuyar da kai. Duk mun san wannan, babu dai mai faɗa. Mutumin da ya haifi sarkin ƙarƙashin ƙasa bai taɓa taka keji ba.

Nsofwa ta juya. Ta shiga ɗaki, ta kwana biyu tana zane, sannan ta kawo masa takardun ta shimfiɗa a kan allon darar. A nan na fara ganin abin. Chibwe yana gudu cikin rami, ya iso, dutse ya riga shi. Yana tono da hannu har farce ya fita. Ya tarar da Katongo, fuskarsa sak, sandan ƙarfe a hannunsa. Sai Chibwe ya danna babban yatsa a jikin katakon tokare, yatsan ya nutse, ruwa ya tsiyayo. A zane na ƙarshe ya saɓa ruɓaɓɓen katakon a kafaɗa, ya fito sama da rana tsaka, ya nufi matakalar ofis.

Tsohon ya ɗora yatsa a kan takardar.

"Wannan ba ɗana ba ne."

"Ya girma ne, Tata."

"Chibwe ba ya makara! Ke kin san abin da yake yi wa yaron da ubansa ya sauka ƙasa da asuba? Yaron yana barci don ya san akwai mai zuwa. Ki cire masa wannan, me kika bar masa? Kuma ba mu yi shi don faɗa da kowa ba. Don a sa hula muka yi shi."

"Su shidan da hularsu aka fito da su."

"Ba zan kai ba."

"To zana naka."

Ya kuwa zana. Da hannun nan mai rawa ya zauna ya yi, layukan duk a karkace. Ya zana sakaran ya ba da baya don kada a ga fuska, ya jingine sandan ƙarfen a bango, sakaran yana cin ɗumamen nshima, tuwon masararmu, maimakon aiki. Chibwe ya iso kan gaɓa kamar kullum ya ɗauke kowa. Ba Kangwa yana ganin ya yi dabara. Ranar da aka raba mujallar babu wanda ya yi dariya a gidan giya. Kafin yamma yara sun tsaya a bakin layin suna rera sunan Katongo da cin nshima, wani kuma ya jefi tagar Nsofwa ya fasa. Mahaifiyar Katongo, tsohuwa mai sayar da busasshen kifi, ta naɗe buhunta ta daina fita kasuwa.

Ranar Asabar da hantsi, kasuwa ta cika, Nsofwa ta zo da gwangwanayen fenti da tsani ta tsaya a dogon bangon da ke fuskantar tashar mota. Ta fara da jar hula, mutane suka fara taruwa. Ta zana abin da ke takardunta, kowane mutum girmansa ya fi ƙofa. Da ta kai fuskar Katongo sai hayaniya ta mutu, har masu kiran fasinja suka yi shiru. Na hango Bana Mubanga a gefe da kwandon tumatir a kai, ba ta sauke ba, ba ta kuma tafi ba.

Wani daga baya ya ce, "Kai, Chibwe zai hau bene yau!"

Wani ya amsa, "Ya goge ƙafa dai, akwai darduma."

Aka yi 'yar dariya mara daɗi. Sai ga Sichone da dogaran kamfani, da masu farar ƙasa da burushi. Yaron ba wawa ba ne. Ya san in ya shafe bangon haka nan, ya gaskata shi. Sai ya aika mota ta ɗauko Ba Kangwa, aka tsayar da tsohon a gaban jama'a da sandarsa.

"Jama'a, ga mai Chibwe," in ji Sichone da ƙarfi. "Babu wanda ya san shi kamarsa. Ba Kangwa, faɗa musu. Wannan abin da ke bango, Chibwe ne?"

Nsofwa tana kan tsani, fenti yana ɗiga daga gwiwar hannunta. Ba ta dubi ubanta ba. Shi kuwa ya bi bangon daga farko, a hankali, yana jan ƙafa, ya tsaya a kowane zane. A wajen yatsan da ya nutse cikin katako ya fi daɗewa.

"Ba haka na haife shi ba," ya ce.

Sichone ya juya zai ɗaga wa masu burushi hannu.

"Ban gama ba, yaro. Ban so shi haka ba, har yanzu ba na so. Amma shi ne." Ya ɗaga murya yadda za ta iya. "Katongo ya faɗa mini maganar katakon nan da bakinsa, a gidana, kafin abin ya faru. Ya ce ya kai ƙara ba a saurare shi ba. Na ji da kunnena, kuma na zauna na zana muku ƙarya. Wanda zai tofa yawu ya tofa mini, ya bar yarinyar nan."

Babu wanda ya tofa. Babu kuma wanda ya yi tafi. Maza suka tsaya suna kallon ƙasa, domin cikinsu akwai waɗanda su ma sun taɓa katakon da hannunsu, kuma Litinin za su koma ƙarƙashinsa.

Kafin rana ta faɗi bangon ya koma fari. Wata bai ƙare ba aka sallami Ba Kangwa, aka karɓi gidan, mujalla ta fito da hoton sabon injin a inda Chibwe yake. Rahoton binciken da ya fito daga baya bai canza ko kalma ɗaya ba, sunan Katongo ne a ciki har gobe. Tsohon ya koma ƙauyensu wajen Kasama. Nsofwa ce ta ɗaure masa kaya ta ɗora a mota, ta durƙusa ta yi masa sallama kamar yadda 'ya take yi, amma ba ta bi shi ba, kuma ba su sake zama inuwa ɗaya ba har ya rasu. Ta koma ɗakin surukarta.

Cikin matan sauran mamatan su biyar, huɗu ba su sake yi mata magana ba. Ba na ganin laifinsu sosai. Kamfani ba shi da fuskar da za ka tsana a bakin famfo, Nsofwa tana da ita.

Wata Lahadi bayan an taso coci, ina wucewa ta layin, na ga Bana Mubanga tsaye a ƙofar mahaifiyar Katongo da fartanya biyu.

"Ke Nsofwa! Fito, ba zan shigo ba."

Nsofwa ta leƙo.

"Ciyawa ta cinye kaburbura. Riƙe wannan. Kada ki ɗauka wani abu ne, ni ban yafe wa kowa ba, bayana ne ba ya iyawa ni kaɗai."

Nsofwa ta ɗaura zane ta karɓi fartanyar. Suka kama hanyar makabarta, ɗaya a gaba ɗaya a baya. Na bi su daga nesa, don ni ma ina da nawa a can. Da suka isa, Nsofwa ta nufi kabarin mijinta, sai Bana Mubanga ta tare ta da ƙotar fartanya.

"Je ki fara da nawa," ta ce. Ita kuma ta tsuguna a kan na Katongo ta fara sara.