Takardar Bangon Rumfar Kowa

Naziha tana ƙoƙarin kulle akwatin ƙarfen da suke ajiye fayilolin mutane, sai wata tsohuwa ta shigo ta ajiye hoto a kan tebur ta danne shi da yatsu biyu kamar fanka za ta kwashe shi, alhali rabon fankar ofishin da juyawa tun azumin bara.

"Yarinya na ne," in ji ta. "Queen. An ce ku kuna rubuta mutane."

Ƙungiyar Rumfar Kowa dai ɗaki biyu ce a unguwar Luggere ta Jimeta, da benci ɗaya a ƙarƙashin darbejiya. Bappa Bakari, tsohon malamin firamare, shi ya kafa ta lokacin da 'yan gudun hijira suka cika sansanin Malkohi. Naziha ce mai rubutu, ita ce mai maƙulli, kuma in baƙi sun zo ita ce mai dafa shayi.

Tsohuwar ta ce sunanta Hadassah, daga wani ƙauye a bayan Madagali. Ranar da 'yan bindiga suka shiga, a gabanta aka kashe mijinta Zadok a bakin rumbu, aka tafi da Queen tana da shekara goma sha shida. Ita kuwa Hadassah gudu ya kai ta Kamaru, ta yi shekara tara a sansani. Watan jiya ta dawo, tana zaune wurin wata 'yar cocinsu a Malkohi. A can wata mata ta rantse mata ta taɓa ganin Queen a layin karɓar masara a wannan ƙofar.

Naziha ba ta buƙaci kallon hoton sau biyu ba. Wushiryar nan ta san ta, ta kuma san dalilin da ya sa mai ita ta daina dariya a Luggere.

Shekara shida ke nan. Al'adar ƙungiyar ce, in za a yi rabo, a dama sitaci a manna sunaye a bangon waje, kowa ya zo ya duba nasa. Takarda biyu ake bugawa. Ta bango suna ne kawai da lamba. Ta ofis kuwa tana da layi na ƙarshe da masu ba da tallafi suka nace a riƙa cikewa, abin da ya sami mutum. Ranar nan Naziha tana sauri za ta biki, ta ɗauki ta ofis ta shafa mata sitaci.

Ku da kuka san Luggere, ba a buƙatar kowa ya iya karatu. Mutum ɗaya ya isa, in dai kusa da mai kitso ya tsaya. Kafin la'asar har masu tallar awara sun san Queen ta yi wata goma sha huɗu a daji, kuma jaririyar da take goyo ba ta wani miji da ya rasu a Mubi ba ce. Matar da take yi wa wanke-wanke ta sallame ta da cewa ta sami 'yar'uwa daga ƙauye. A bakin famfo aka riƙa janye bokiti in ta ajiye nata.

Bayan kwana uku Queen ta zo. Ba ta yi zagi ba, da ma ta yi. Ta ce a cire ta daga littafi. Bappa Bakari da kansa ya yage shafin ya ƙona a gabanta, ya goge na kwamfuta tana kallo. Ta dangwala yatsa a kan wata takarda cewa kada a faɗa wa kowa inda take, ta ƙara da bakinta, ko da uwarta ce ta taso daga kabari. Daga ranar aka daina manna komai a bangon nan, aka sayo akwatin ƙarfe, aka kafa doka: ba a ba da labarin mutum sai an tambayi mai shi.

To ga uwar ta taso, da zane mai ruwan ƙasa da silifas kala biyu.

Naziha ta shiga ɗakin ciki ta rufe ƙofa. Bappa Bakari ya saurare ta yana goge tabarau. Ya ce a littafinsu babu Queen. Ta ce a littafi babu, amma ita ta gan ta da damina a kasuwar Jimeta tana sauke buhun yakuwa daga motar ƙauyen Namtari, har sun haɗa ido.

"Abin da idonki ya gani ma amana ne," in ji shi. "Je ki tambaye ta. In ta ce a'a, a'a ɗin za ki dawo da ita, ba za ki rage mata komai ba."

Ta fito ta cike wa Hadassah fom. Ta karanta mata layi-layi, ta tambaye ta ko ta yarda a kai sunanta da lambar wayar mai masaukinta ga wanda ake zaton ya san 'yarta. Tsohuwar ta miƙo babban yatsa tun ba a gama ba. Naziha ta ce za ta fita wani aiki, ita tsohuwar ta koma gida a kira ta. Hadassah ta ce benci bai cije ta ba, za ta jira.

Keke Napep biyu Naziha ta canza kafin Namtari, ta ƙarasa sauran a ƙafa ta cikin gonaki. Gidan da ta shiga ba zan kwatanta shi ba, ni ma akwai inda bakina yake tsayawa. Ta sami Queen a tsakar gida tana tsinke yakuwa. A nan Maman Edna ake ce mata, bazawara daga Mubi, mai waƙa a zumuntar matan coci.

Queen ta ga mai shigowa, hannunta ya tsaya a cikin tire.

"Anti Naziha. Wani bango kuma kuka samu?"

Naziha ta haɗiye wannan, don ta ci bashinta. Ta tsuguna ta ce ba wanda ya san ta zo, kuma ba wanda zai sani. Sannan ta faɗa mata, a hankali, cewa mahaifiyarta tana raye, tana zaune yanzu haka a kan bencin ofis.

Queen ba ta yi kuka nan take ba. Ta tambaya ko ta rame. Ta tambaya ko har yanzu tana jan ƙafar hagu, ko tana da mayafin sanyi, wa yake dafa mata. Naziha ta amsa abin da ta sani. Sai Queen ta tashi ta ɗauko gyale ta yafa, ta sa takalmi ɗaya, ta tsaya tana neman ɗayan da ido.

Daidai nan Edna ta shigo daga makaranta, doguwa, 'yar shekara bakwai, ta durƙusa ta gaida baƙuwa ta wuce ɗaki tana waƙa. Queen ta bi ta da kallo har labule ya rufe. Ta zauna. Ta cire takalmin.

"Kin ga goshin nan da idon nan? Na wanda ya kashe Baba ne. Shi aka aura mini a daji. Mama tana tsaye a wurin, ta kalle shi da kyau." Ta ja tiren gabanta. "In ta ga yarinyar nan za ta gane. Ko ta ƙi ta, ko ta daure ta so ta. Ban san wanne zan iya kallo ba."

Naziha ta buɗe baki za ta ce uwa ai uwa ce, sai ta tuna ba lallashi aka aiko ta ba. Ta miƙa takardar da lambar waya take kai. Queen ba ta karɓa ba. Amma ta karanta, leɓɓanta suna motsi, ta sake karantawa, sannan ta ce a mayar.

"Kada ki ce kin gan ni."

Ana kiran la'asar Naziha ta sauka a Luggere. Hadassah tana nan inda aka bar ta, shayin da Bappa Bakari ya ba ta ya yi sanyi a gefe. Naziha ta zauna kusa da ita ta ce sun karɓi sunanta, yana cikin akwati a kulle, kuma yau ba ta da abin da za ta iya faɗa mata.

Tsohuwar ba ta kalli fuskarta ba. Ƙafarta ta kalla, takalmin ofis da ya sha jar laka, da ƙarangiya a bakin siket. Ta sunkuya ta fara cire mata ƙarangiyar ɗaya bayan ɗaya, tana tarawa a tafin hannu.

"Ba a zuwa gona don mutumin da ya mutu," in ji ta.

Naziha ta janye ƙafarta ƙarƙashin benci.

"Ba zan tambaye ki ba, 'yata. An ce ku ba ku faɗa." Tsohuwar ta ƙulle ƙarangiyar a bakin zaninta kamar wani abin daraja. "Amma nawa labarin, nawa ne ko?"

Naziha ta ce nata ne.

"To kada ki sa a akwati. Rubuta da manyan baƙi. Hadassah matar Zadok, tana Malkohi, ba ta mutu ba. Ki sa lamba. Ki ƙara cewa duk abin da aka zo da shi, akwai tabarma. Ki manna a waje inda kowa zai gani."

Bappa Bakari yana tsaye a bakin ƙofa. Ya ce a sake karanta mata, ta dangwala, dokar ke nan. Aka karanta, ta dangwala.

Naziha ta nemo tsohon gwangwanin sitaci a bayan akwati, ta wanke shi, ta dama. A bangon har yanzu akwai shatin waccan takardar, fari mai kusurwa huɗu. A kansa ta manna, ta bi gefe-gefe da tafin hannu.

Ba ta gama wanke hannu ba, mai kitson tsallaken titi ta bar kan da take yi rabi, ta taho tana goge mai a zani, tana kiran wata ta zo ta karanta mata.